Zanen Matashin Amarya a Takardar Ƙosai

Ƙosai ne ya tona asirin. Malam Alƙasum ya dawo daga masallaci da safe da ƙunshin ƙosai a takarda, ya miƙa wa matarsa. Inna ta kwance, ta juye a kwano, sai ta tsaya cak tana kallon takardar da mai ya jiƙe.

"Nasiratu! Taho nan, maza!"

Nasiratu ta fito da buroshi a baki. Tana ganin takardar sai gabanta ya faɗi. Ja da kore, da ƴan ƙananan taurari a gefe, ga sunan mujallarsu a sama da manyan haruffa. Zanen matashin kai na aurenta ne.

A gidansu akwai al'ada tun kakanni. Duk yarinyar da za a aurar, Kaka Kadidiya, mahaifiyar Malam Alƙasum da ke Barmou, takan ɗinka mata matashin fata da zanen da ba a taɓa yi wa kowa ba, kuma namiji ba ya ganinsa sai daren da aka kai amarya, ango ne farkon gani. Da Nasiratu ta je gaishe ta, zanen ya burge ta, ta ɗauki hoto a waya, ta sake zana shi a ordinatar, wato kwamfuta, don ta riƙa kallo tana jin daɗi. Sai dai ordinatar ɗin ɗaya ce tsakaninta da Anas, saurayin da aka sa musu rana, wanda suke fitar da ƴar mujallarsu ta zane-zanen Tahoua tare. Kuma a ƙa'idar aikinsu, duk abin da ya shiga jakar da suke ajiye aiki, na bugawa ne.

"Wa yab ba Anas zanen ga?" in ji Malam Alƙasum, muryarsa ƙasa-ƙasa, wadda ta fi tsawa ban tsoro.

"Baba, ni na aje shi inda bai kamata ba. Bai sani ba, wallahi!"

"Bai sani ba, bai iya tambaya ba? Matashin ɗiyata cikin ƙosai! To ku ji: ba batun armen nan sai uwata ta buɗe baki da kanta ta ce ta yahe."

Kafin azahar sai ga Anas a kan moto, yana ta washe haƙora, da mujallar sabuwa fil a hannu. Bawan Allah, wai ya zo ba da mamaki ne! Takardun gwaji da suka lalace a wurin bugawa ne suka riga shi isowa ta hannun mai ƙosai. Nasiratu ta tare shi a zaure, idanunta jawur.

"Anas, ka kashe ni! Wanga zane na ɗakinmu ne!"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. "Subhanallahi... Na ɗauka kuvertir kika shirya mamu, na bangon mujalla. Pardon, Nasiratu, pardon!"

Bai tsaya kare kansa ba. Ya bi tasha, ya bi ƙofar makarantar lise, ya bi shagunan da suka karɓi mujallar, yana karɓe ta. Amma ina! Rabi ta riga ta shiga hannun jama'a. Kafin mako ya zagayo, masu lalle sun fara zana taurarin a hannun ƴanmata.

Nasiratu ta haɗa kayanta ta tafi Barmou. Ta tarar da Kaka Kadidiya zaune a inuwar rumfa, labari ya riga ya iso ta. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Hannuwanta kawai ta ɗaga, suna rawa.

"Kin gani? Wancan shi na na ƙarshe. Da ƙyar nig gama shi. Ba ni iya wani."

Nasiratu ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mai isarta. Ta ji kunya, ta ji tsoron rasa Anas, kuma ta ji tausayin tsohuwar nan fiye da komai. Da ta share hawaye ta ce, "Kaka, ki ba ni idonki, in ba ki hannuna."

Haka suka fara. Kaka na faɗa, Nasiratu na yanka samfuri a kwali, ta ɗora a kan fata ta bi da wuƙa. Yarinyar da ake yabo a birni, a nan ko yabo ɗaya ba ta samu.

"Mi ne wanga? Layi miƙe kamar sandar lantarki! Injinku ya ɓata miki hannu. Sake!"

Ta sake. Yatsunta suka yi kanta, rini ya kama farcenta ya ƙi fita. Damina ta sauka, gero ya yi kai, ranar da aka sa ta zo ta wuce ba a ko ambace ta ba. Ƙawayenta na kira suna cewa ta dawo, samari ba su ƙare ba a Tahoua. Sai ta kashe wayar ta ɗauki allura.

A birni kuwa, wani babban ɗan kasuwar atamfa daga Maraɗi ya samu Anas, yana so ya sayi zanen ya buga a zannuwan anko. Tayin da ya yi zai iya riƙe mujallar shekaru, ga shi kuwa tana gab da durƙushewa. Anas ya ce zanen ba nasa ba ne, ya goge shi daga ordinatar a gaban mutumin. Ɗan kasuwar ya fita yana ta ƙorafi, ya zauna a rumfar wani dattijo yana ba da labarin yaron da ba ya son arziki. Dattijon nan Malam Alƙasum ne. Ya saurara har ƙarshe, a ranar kasuwar Barmou kuma ya kai wa mahaifiyarsa labarin.

Da aka gama sabon matashin, Kaka ta sa aka kira Anas. Ya zo ya durƙusa nesa da tabarma, kansa a ƙasa. Nasiratu na leƙensa ta bayan asabari, ya rame har ta ji wani sabon kuka na taso mata.

"Kai ne mai buga sirrin mutane?" in ji Kaka.

"Ni ne, Kaka. Na yi kuskure."

Ta tura masa wani ƙunshi a tsohon zane, an ɗaure da igiyar fata. "Kai wanga Tahoua, gidan ɗana. Kai kaɗai. Mu muna tahe cikin mota."

Nasiratu ta san sabon matashin ne a ciki, ta kuma san Anas: mutumin da ko kwalin shayi ya gani sai ya juya shi ya duba zanensa. Duk tsawon hanya addu'a take yi.

Da suka isa da la'asar, suka tarar da shi a ƙofar gida, ƙunshin na ɗaure a bayansa kamar goyo, ko sauke shi bai yi ba. Kaka ta sa aka kwance masa. Ta shafa ƙullin da yatsunta masu rawa, ƙullin da ita kaɗai ta iya. Yana nan yadda ta bar shi.

"Alƙasum," ta ce, "na yahe. A sa rana. Kuma a ba yaron nan ruwa, kahin shi hwaɗi."

Inna ta rangaɗa guɗa, Nasiratu ta ruga ɗaki tana dariya da hawaye.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kai amarya kowa ya watse, Anas ya ga matashin, ya daɗe yana kallo, hannunsa ya nufi aljihun waya don sabo. Suka haɗa ido. Ya zaro wayar, ya kashe ta, ya ajiye a bakin ƙofa.

Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: ba duk abin da ya yi kyau ba ne na idon jama'a, kuma tambaya kafin aiki ba ta rage wa gwani komai. Wanda ya ɓata wa iyaye rai, ya sunkuyar da kai ya yi haƙuri, zai ga sun ba shi da hannunsu abin da gardama ba za ta taɓa ƙwato masa ba.