Akushin Kawu Dalhatu

Ni dai tun ranar da Dalhatu ya fara raba wa yara gumba na ce da walakin. Mutumin da ko ɓawon gyaɗa ba ya yarwa sai ya leƙa cikinsa, shi ne yau da sadaka duk Juma'a? Jikata mai karance-karancen tatsuniya ta ce, "Iya, Kawu Dalhatu kamar mugun cikin littafina, bakinsa zuma, idonsa na ƙirga mutane." Na make ta, amma a raina na ce yarinya ta gani.

Yadda aka ƙulla abin, daga bakinsa muka ji daga baya, lokacin da bakin ya daina rufuwa.

Gonarsa ta ƙauyen Balan ta ƙi, sa'anninsa duk sun hau babura. Sai ya nufi wani boka a bayan Ajingi, mai zama cikin kogon tsohuwar kuka. Da rana tsaka ya shiga, amma ciki sanyi kamar kabari. Ga ƙahonni a rataye da jan ƙyalle, ga tukunya tana tafasa babu wuta a ƙarƙashinta.

"Rufin asiri kake so ko arziki?" in ji boka.

"Rufin asiri ya ishe ni haka, arziki nake so."

Boka ya turo masa wani baƙin akushi da ƙafa. "Arziki ba ƙirƙirarsa ake yi ba, kwaso shi ake yi. Kowane yaro da rabonsa yake zuwa duniya. Wanda ya ci daga cikin nan, rabonsa ya zama naka."

"Shi yaron fa?"

"Tambaya ka zo yi ko karɓa?"

Dalhatu ya ce, "Ban da 'yata Muslima dai."

"Wannan ya rage naka. Akushi ya fita a cike, ya dawo a wofi. Ranar da ya shigo gidanka da abu a ciki, duk abin da ka ɗora wa 'ya'yan mutane ne ya biyo shi."

Dalhatu ya yi dariya, wai wannan ai mai sauƙi ne.

Da kansa yake ɗaukar akushin zuwa bakin Islamiyya, yara na rububi suna "Allah ya karɓa, Kawu!" Kafin kaka ta zagayo ya buɗe rumbun hatsi a Gaya, ya zuba Adaidaita Sahu a hanya, ya yi wa gida rufin kwano. Yaran unguwa kuwa sai rama. Ɗan Inuwa tela, mai ƙiba kamar tulu, ya zama tsinke, aka kai shi makwanci. Muka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya. Iyaye mata suka hana yara zuwa layin gumba.

Shi uban dabara sai ya canza salo. Ya ce da matarsa Haulat ta riƙa aikawa gida-gida, wai sadakar marigayi babansa ce, wa zai mayar da sadakar mamaci? Ya ce mata a dawo da akushi a wofi, bai faɗi dalili ba, ya wuce kasuwa.

Ka ji namiji. Ya san sirrin boka, bai san sirrin mata ba.

Muslima ta kai gidan Kulu, maƙwabciyarsu. Kulu ta juye gumbar, ta kamfato soyayyiyar gyaɗa.

"Inna Kulu, Baba ya ce a wofi."

"A wofi? Ni 'yar gidan wa ce da zan mayar da kwanon mutane a wofi? Babanki bai san komai ba. Ungo, ki gaida Haulat."

Da la'asar Dalhatu ya shigo, ya tarar da 'yarsa zaune a tsakar gida, akushi a cinyarta, ɓawon gyaɗa a gabanta.

"Baba, na rage maka," ta ce.

Ihun da ya yi, har gidana na ji. Ya ruga bayan Ajingi, ya tarar da kukar babu kogo, babu boka. Muslima ba ta ga wata Juma'ar ba. Haulat ta kama dariya a wurin zaman makoki, har yau ba ta daina ba, tana gidan iyayenta. Rumbu ya cika da ƙwari, kekunan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

In kun je kasuwar Ajingi za ku gan shi a gindin bango, rungume da akushin, yana ba kowa labarin nan. Mutanenmu kuwa da tausayi, wannan ya jefa masa ƙosai a ciki, wancan gyaɗa. Shi kuma yana zubarwa yana kuka, "Don Allah a wofi! Ku bar shi a wofi!"

To, mai kwaɗayin rabon ɗan wani, ka ji. A garin nan kwano ba ya komawa gida babu komai.