Gada Ce, Taho Mu Wuce

Gab da faɗuwar rana Sanit ya tsayar da a-kori-kurarsa a filin masu sayar da tsofaffin kayan mota da ke bayan garin Chum Phae. Ya dubi matarsa ya ce, "Sauko ki gani da idonki, kar gobe ki ce ban yi shawara da ke ba."

Lamduan ta sauko. Da cewa ya yi ta zauna, da ta zauna. Tun daminar bara da zazzaɓi ya ɗauke ɗansu Kla haka take, a ce ci ta ci, a ce kwanta ta kwanta. Ba wanda ya ga hawaye ko ɗigo a idonta, har matan unguwa suka fara yi da ita. Ita kuwa ji take kamar an yi mata allurar kashe zafi a jiki duka, allurar ta ƙi sakinta.

Sanit yana da nasa maganin irin na maza: a sayo abu, a ɗaure shi da noti. Tun Kla na da rai yake burin sa wa bayan motar rumfa mai tagogi, a shimfiɗa katako da katifa, iyali su riƙa hawa duwatsu suna kwana inda dare ya yi musu. Yanzu ya ɗauko maganar da ƙarfi, wai iska za ta yi wa matarsa amfani.

Mai filin, wani tsoho da ake kira Kawu Thawi, ya kai su bayan tarin tayoyi. Rumfar na kife a kan bulo, fara fat, fentinta sabo. Ta fi sauran tsayi kaɗan, tagoginta baƙaƙe.

"Kawu, wannan arha taka ta fara ba ni tsoro," in ji Sanit yana ƙwanƙwasa jikinta. "Me take ɗauka a da?"

"Fasinja."

"Wane irin fasinja?"

"Masu haƙuri. Ba sa ƙorafin zafi, ba sa cewa a tsaya su yi fitsari." Tsohon ya yi dariya shi kaɗai, ya tofar da yawu. "Kai dai in kun isa inda za ku, ka ce kowa ya sauka."

Sanit ya ɗauka raha ce. Lamduan ta leƙa ciki. Ƙarƙashin warin fenti akwai wani wari siriri mai hawa kai, gauraye da na turaren tsinke da ya daɗe da mutuwa. Ta san shi. Shi ne warin maganin da ake yi wa gawa allura don kar ta lalace a hanya. Ta san shi ne a bayan wata mota irin wannan, ranar da suka ɗauko Kla daga asibiti zuwa ƙauyen mahaifiyarta.

"Ya kika gani, Maman Fai?" in ji Sanit, yana kiran ta da sunan 'yarsu.

"Yadda ka gani," ta ce.

Satin nan duka Sanit bai zauna ba. Ya ɗaure rumfar, ya toshe kafofin ruwa, ya ja waya ya sa fitila da 'yar fanka, ya yi wa risho da jarkokin ruwa gurbi a ƙarƙashin gado. Katakon kuwa tun bara ya yanka shi, kuma na mutum huɗu ya yanka. Sai da ya gama bugawa ya tsaya ya dubi wurin kwanciya na huɗu, ɗan gajere a gefen hagu. Ya ɗora masa katifa kamar sauran.

'Yarsu Fai, wadda shekarunta bakwai, ita ta tsinci guntun farin zare a maƙale a kusurwar rufin, irin wanda ake ɗaura wa akwatin gawa a ja ta da shi zuwa gida. Ta kawo wa uwarta. Lamduan ta karɓa ta jefa a aljihu, ta ci gaba da dakan ɗanyar gwandar da za ta yi kwaɗo da ita. Ya kamata ta yi magana, kuma ta san ya kamata. Buɗe bakin ne ya yi mata nisa.

Ranar tafiya suka makara, don haka sai la'asar sakaliya suka kama hanyar duwatsun Loei. Fai ta nace sai ta zauna a baya, cikin sabon ɗakinta. Tsakanin rumfar da gaban motar akwai 'yar taga mai zugewa, ta nan take miƙo hannu tana karɓar shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza, tana waƙar makaranta da baki cike.

Akwai wani abu da Sanit bai sani ba game da matarsa. Ranar da suka ɗauko Kla, mahaifiyarta ta koya mata abin da kowa ke yi: duk gadar da za a haye da gawa sai an kira mamacin da sunansa an gaya masa, in ba haka ba kurwarsa ba ta iya haye ruwa, sai a baro ta a hanya. Lamduan ta kira shi a kowace gada har ƙauye. Tun daga ranar bakinta bai daina ba. Ko kasuwa za ta a babur, in ta ga gada sai leɓɓanta su motsa. Sunan ne kawai ta daina faɗa, don ya fi ƙarfin harshenta.

Rana ta faɗa bayan duwatsu. Gonakin rake suka ƙare, daji ya matso bakin titi. Ba gida, ba fitila, ba motar da ke tahowa. Ga 'yar gada nan a kan rafi.

"Gada ce," ta raɗa. "Taho mu wuce."

Bayan motar ya ɗan nutsa, kamar mutum ya taka ya hau.

Sanit ya dubi madubi. "Ke Fai, daina tsalle, ba gadon kakarki ba ne."

"Ni a kwance nake, Baba."

Suka ci gaba. Gyare na kuka ta ko'ina. A gada ta gaba Lamduan ta sake raɗawa, bayan motar ya sake nutsawa, ƙarafan ƙasa suka yi ƙara. Sanit ya sauya giya yana tsaki.

"Wai duwatsu kika zuba a kayan nan? Mota sai nishi take."

Warin nan ya fara shigowa ta 'yar tagar, sanyi na biye da shi. Fai ta daina waƙa.

A gada ta uku, da ta yi kiran, aka amsa. Muryar ba ta fi numfashi ba, daf da bayan kunnenta.

"Na taho."

Wani abu ya motsa a ƙirjin Lamduan, karo na farko tun bara. Murna ce. Muguwar murna mai zafi, irin ta ƙafar da ta yi sanyi jini ya fara dawo mata. Muryar yaro ce ko ta babba, ba ta tantance ba, kuma ba ta so ta tantance. Ta kafe ido a titi tana neman wata gadar.

Da ta zo, ta yi kiran da gangan, da ɗan ƙarfi.

"Na taho." "Na taho." "Na taho."

Murya ba ɗaya ba. Akwai ta tsoho mai kakkarwa, akwai ta mace, akwai wata mai gurgura kamar maƙogwaro cike da ruwa. Kiran da ba suna, kowa nasa ne.

"Mama," in ji Fai a hankali. "Ki ce su matsa. Sun danne ni."

"Su wa?" Sanit ya tambaya. Shi bai ji komai ba sai injin.

Lamduan ta juya ta leƙa ta tagar.

Fitilar rumfar ta koma ja, tana lumshewa. Katifu duka sun lotsa, layi-layi, kamar an jera mutane kafaɗa da kafaɗa. Ba kowa a kansu. A tsakiya Fai na kwance a miƙe sambal, ƙafafu a haɗe, tafin hannu biyu a manne bisa ƙirji. Haka ake kwantar da matattu. Ba wanda ya taɓa koya mata.

Hannunta na hagu kuwa yana ɗan karkata gefe. Wani abu na riƙe da wuyan hannun, daga wajen ɗan gajeren gadon nan na huɗu.

"Fai. Tashi zaune."

Yarinyar ba ta motsa ba.

Titi ya gangara. Fitilun mota suka hasko fararen ginshiƙai a gaba, doguwar gada, ƙarar babban ruwa a ƙarƙashinta.

Leɓɓan Lamduan suka fara motsi da kansu. Ta danne su da hannu.

Daga baya aka raɗa mata, a hankali, kamar masu tuna wa mai mantuwa: "Gada."

Sai bakin Fai ya buɗe. Idanunta a rufe. Muryarta ta fito a shimfiɗe, irin tasu.

"Na taho."

"Tsaya!" Lamduan ta ƙwalla. "Baban Fai, tsaya, kar ka hau gadar nan!"

Ya taka birki. Tayoyi suka yi kuka, motar ta ja jiki da nauyinta, ta tsaya hancinta na shafar ginshiƙin farko. Injin ya mutu.

Ruwa kawai ake ji. Gyaren ma sun yi tsit.

Suka zagaya baya da gudu. Bayan motar ya kusa taɓa taya. Sanit ya murɗa hannun ƙofar, ya ƙi. Ya sa kafaɗa, ya daki gilashin da dutse, dutsen ya dawo masa. Gilashin ya yi raɓa daga ciki.

"Fai! Buɗe wa Baba! Fai!"

Lamduan ta tuna maganar tsohon. Ta dafa ƙofar, sanyinta ya cije mata tafin hannu.

"Kun iso," ta ce. "An kawo ku. Kowa ya sauka."

Ƙarfen ƙasa ya yi ƙara. Motar ta ɗaga kaɗan.

Wani sanyi ya gifta ta gefen kuncinta.

Motar ta sake ɗagawa. Ta sake. Ciyawar bakin titi na kwantawa ɗaya bayan ɗaya, tana nufar ruwa. Sanit ya ja da baya, bakinsa a buɗe.

Sai komai ya tsaya. Ƙofar ba ta buɗe ba. Gefen hagu bai gama ɗagowa ba.

Ta goge gilashin ta leƙa. Katifu sun miƙe, ban da ɗaya. Har yanzu ana riƙe da hannun Fai, kuma ƙirjin yarinyar da ƙyar yake motsi.

A nan Lamduan ta tuna. Bara ta kira ɗanta a kowace gada, amma da suka isa ƙofar gidan mahaifiyarta mutane suka yanyame motar, aka janye ta gefe, bakinta ya mutu. Ba ta taɓa ce masa ya sauka ba. Ba ta so ba ma.

Idan ta faɗa yanzu, shi ke nan.

Ta dubi leɓɓan Fai da suka fara yin shuɗi.

"Kla," ta ce. Sunan ya fito kamar ƙaya. "Kla, ɗana. Ka iso. Sake ta. Sauka."

Motar ta ɗaga, ɗan kaɗan, daidai nauyin yaron da ta sha goyawa.

Ƙofar ta buɗe da kanta.

Sanit ya fizgo yarinyar, jikinta kamar an ciro ta daga rijiya. Lamduan ta zaro farin zaren nan daga aljihu ta wurga shi cikin ruwa, ta rungume 'yarta tana kiran sunanta a kunne, cikakken suna da na wasa, tana cewa ta dawo, ta dawo gida. Can Fai ta yi tari, ta ja numfashi, ta fashe da kuka. Ba su haye gadar ba. Sanit ya juya motar, su uku a matse a gaba, ƙofar rumfar na kaɗawa a buɗe har Chum Phae.

Washegari ya kwance notikan da hannunsa, ya kai rumfar haikali, wurin ibadarsu na bayan gari, ya ajiye a gindin bishiya, malaman wurin suka yi mata abin da ake yi. Bai koma wajen Kawu Thawi neman ba'asi ba, don tsohon bai ɓoye masa komai ba, shi ne bai saurara ba. Katakon nan na huɗu ya sa zarto ya cire shi.

Fai ta yi zazzaɓi ta warke. Shatin 'yan yatsu ƙanana ya daɗe a wuyan hannunta. Wata safiya Lamduan na shafa masa man zafi, ta ce, "Har yanzu yana ciwo inda ya ja ki?"

Yarinyar ta dube ta da mamaki.

"Ba ja na yake ba, Mama. Su ne ke ja na. Yaya Kla riƙe ni ya yi, ya ce ba zai sake ni ba sai kin zo."

Lamduan ta ajiye kwalbar a hankali. Allurar nan ta sake ta gaba ɗaya, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da har maƙwabta suka shigo da gudu.

Yanzu tana cin abinci ta ji gishirinsa, tana faɗa da mijinta a kan kayan aikinsa da yake bari a tsakar gida. In za su haye gada kuwa, takan kama wuyan hannun Fai, daidai wurin, ta rufe bakinta har su kai ɗaya gefen.