Ƙwan da Inna ta Hana

Hanifa na tsugune a kicin tana ɓare dafaffen ƙwai, kunnenta na tsakar gida. Ta zama ɓarauniya a gidan aurenta, kuma ba don cikinta ba!

Mijinta Jibrin, ɗan mahautan Talata Mafara, ya daɗe yana kai shanu kudu, can abokai suka koya masa giya. Ya tuba ya bari, amma ta riga ta taɓa masa hanta. Ya dawo idanu kamar ɗorawa, ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi. Mahaifiyarsa, Inna Bushira, ta ce ciwon shawara ne, ta kafa dokar da ta gada: ba nama, ba mai, ba ƙwai, sai koko tsararo da jiƙo. Likita kuwa ya gaya wa Hanifa yunwa za ta riga ciwon kashe shi. A ba shi ƙwai, wake da madara, kaɗan-kaɗan akai-akai har da kafin barci, a rage gishiri.

Makonni ta yi tana ciyar da shi a ɓoye. Ran nan dai Inna ta ɗage faifan da Hanifa ke rufe ƙwan da shi.

"Mi ni ka gani? Ƙwai ga mai shawara? Kashe min ɗa za ki yi!"

"Inna, ki yi haƙuri, Dakta ya ce jikinshi furotin yake…"

"Ba ni son turanci! Ɗauki kayanki ki tahi Bakura gidanku!"

Hanifa ta ɗaure kayanta tana kuka, ba korar ke ƙona mata rai ba, wa zai ba shi abinci? Tana isa zaure ta yi turus. Jibrin ne tsaye ya tare ƙofa, ba sanda, ba mai riƙe shi!

"Inna, ki gafarce ni, in ta fita ƙafata ƙafarta. Kin ga ma ƙafafun sun samu."

Inna ta dafe ƙirji, ta zagaya shi tana latsa damtsensa kamar mai tayin rago. Hawaye da dariya suka zo mata tare.

"Ke ɗiyag ga, ajiye kayan nan! Ƙwai nawa kike ba shi?"

"Ɗaya, Inna."

"Ɗaya tak? Marowaciya!"

Jibrin ya warware a hankali, bai sake kallon kwalba ba. Haƙurin Hanifa ya biya ta, gidan kuma ya gane mai ciwon hanta ba horon yunwa yake bukata ba, kulawa yake bukata da jin maganar likita.