Makaranta Ɗaya, Kakaki Ɗaya

Ranar da za a raba kayan badujala a harabar ofishin ilimi na gunduma, Sedinam ta zo da keke mai ƙafa uku tun daga ƙauyen Avekope, don a zatonta makarantarta ce za ta kwashe kayan. Ita ta rubuta takardar roƙo, ita ta bi ta shekara biyu cur, har wata ƙungiyar 'yan gida mazauna waje ta aiko da kayan busa da ganguna guda ashirin da biyu.

Sai Mista Kpodo, jami'in rabon, ya gyara zaman tabarau ya ce adalci za a yi. Makarantu ashirin da biyu ne a gundumar, don haka kowace ta ɗauki guda ɗaya. Aka kuwa tafa masa, har da masu miƙewa tsaye.

Rabon Sedinam ya faɗa kan tuba, ƙaton ƙahon nan da ya fi rabin ɗalibanta tsawo.

"Mista Kpodo," ta ce cikin takaici, "idan ƙwallo aka aiko, wannan gari za ka ba raga, wancan ka ba shi mai tsaron gida?"

Wani ya tuntsire da dariya a bayanta. Ta juya a fusace, ta ga wani dogon saurayi da aka ɗauko don ya gwada kayan, yana riƙe da kakaki.

"Kai kuma me ya ba ka dariya?"

"Yi haƙuri, Madam. Tun safe nake neman mai hankali a wurin nan, sai yanzu na samu. Sunana Senyo. Kawo in ɗora miki ƙahon, kada ki rotsa wa wani kai da shi."

Ta harare shi, amma ta sakar masa. Kafin keken ya tashi ya karɓi lambarta, wai don ya koya mata yadda ake wanke tuba.

Abin da ke cin ran Sedinam kowa a Avekope ya sani. A faretin ranar samun 'yancin kai, shida ga Maris na bara, yaranta da jarkar man ja da sanda suka yi maci a madadin ganga, 'yan makarantun cikin gari suna yi musu ihun "masu tallan mai". Ta ga manyan 'yan matan ajinta suna tafiya suna share hawaye. Ranar ta rantse ba za su sake shiga filin nan ba sai da badujalarsu.

Suka fara zagaye ita da Senyo a kan babur ɗinsa, makaranta bayan makaranta. Roƙonsu ɗaya ne: a ba da aron kayan a haɗa su wuri guda, duk yaron da ke so daga kowane ƙauye ya zo Avekope ranar Juma'a ya koya. Abin haushi, a ofis suka riƙa tarar da kayan. Wani hedimasta ya rataye kakakinsa a bango saman hoton bikinsa, wani ya kife gangarsa yana ɗora kwanon abinci a kai.

"Da sunan makarantata aka rubuta shi, Madam. Ni na sa hannu."

Amsar ke nan ko'ina. Sedinam ta riƙa fitowa tana huci, Senyo ya saya mata ruwan kwakwa a bakin hanya ya jira ta huce.

"Masifaffiyata, ki bar min su. Ke faɗa kika iya, ni na san ta inda ake kama mutanen nan."

"Wa ye masifaffiyarka?"

"Wadda ta shanye kwakwata ba godiya."

Yadda ya yi, bai faɗa mata ba. Ita dai ta ga kusan duk Litinin yana shigowa da abu ɗaya ɗaure a bayan babur. Kafin Kirsimeti sun tara goma sha huɗu, kuma yara talatin na zuwa duk Juma'a. Da farko ƙarar kamar ana yanka akuya, awakin ƙauyen ma gudu suke yi. A hankali sauti ya fara zama. Zuciyar Sedinam ma ta zauna, a inda ba ta shirya ba.

Wata safiya ya turo mata saƙo: "Tichata, yau tun da na tashi nake gwada kakaki, ya ƙi fitar da komai sai sunanki. Ki zo da wuri ki yi min faɗa, na yi kewa."

Ta mayar: "Mai kakakina, ka ci abinci tukuna. Faɗa yana nan, ba ya ƙarewa. Nima na yi kewarka."

Mahaifinta, Papa Agbeko, mai wa'azi ne a cocin garin, kuma shi ake kira ya jagoranci binne mutane a ƙauyukan kewaye. Ranar da ta kawo masa maganar Senyo, ya tsame hannunsa daga kwanon akple, tuwon masararsu.

"Mai busa a gidan mutuwa? Na san su sarai, Sedi. Duk Asabar suna bayan akwatin gawa, da yamma suna bayan kwalba. Ga Mista Kpodo ya aiko neman aurenki sau biyu, mutum mai ofis da fansho."

"Papa, mutumin da ya raba badujala ɗaya gida ashirin da biyu? In ya aure ni, ƙafata zai ba ƙanwarsa don adalci."

"Ki iya bakinki. Na gama magana."

Saura mako huɗu fareti, Mista Kpodo ya turo mata bidiyo. Ga Senyo nan a gaban masu ɗaukar gawa, yana busa kakaki, ga tambarin gunduma ɓaro-ɓaro a jikinsa. A ƙasa ya rubuta: "Ga inda kayan yaranki ke zuwa ranar Asabar."

Sedinam ta ji kamar an watsa mata ruwan barkono. Ba ta kira ba, ba ta tambaya ba, ta rubuta:

"Ashe ni ce jarkar da ka ɗebo ruwa da ita. Kayan yara kake kaiwa gidan mutuwa kana cin kasuwa. Kada ka sake taka makarantata."

Amsarsa gajeruwa ce: "Wata biyar kina kallon idona, bidiyon minti ɗaya ya isa ki kira ni ɓarawo. To, Madam. Na daina zuwa."

Ya kuwa daina. Juma'a biyu yara na zaune rungume da kaya, ba mai ɗaga musu hannu. Sedinam ta gwada ja musu kiɗan da kanta, kowa ya kama gabansa. Ta koma gida ta zauna a bakin ƙofa, ta yi kukan da ya fi kama da faɗa.

Papa Agbeko ya zo ya tsaya a kanta.

"Jana'izar da ke cikin bidiyon, ta uwar hedimastan makarantar Tokoe ce. Ni na binne ta."

Ta ɗago kai.

"Yaron bai karɓi ko sisi ba. Hedimastan ya ce a busa kakakin makarantarsa a gaban jama'a, in an gama yaron ya tafi da shi. Haka ya yi da sauran. Duk hedimastan da aka yi wa rasuwa, shi da abokansa su yini suna busa kyauta, Litinin ya kawo miki ƙaho. Sau bakwai ina ganinsa da idona. Ruwa kawai yake sha."

"Ka sani, Papa? Mako biyu kana kallona ina zaginsa, yarana na zaune, ka sani?"

"Na sani. Shirun ya yi min daɗi, shi ya sa na yi."

"Kai da kake hawa mumbari kana ce mana shaidar ƙarya zunubi ce."

Ya ɗauki hularsa ya riƙe a hannu, ya kasa sawa.

Ranar Asabar da tsakar rana ta iske Senyo a wani gidan makoki, zaune a inuwar mangwaro, leɓensa a kumbure. Ta tsaya a gabansa.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa, da kin je kin zage su a gaban gawar iyayensu, mu rasa komai."

Gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara jin haushi. "To ai da ka kare kanka."

"Kin tambaye ni ne?"

Ta durƙusa a gabansa, jama'a na kallo, ta kira shi da Efo, laƙabin girmamawa na babban wa. "Efo Senyo, na zalunce ka. In ba za ka dawo don ni ba, ka dawo don yaran."

Ya dube ta, fushin na narkewa ba da son ransa ba. "Tashi, kina ɓata min suna. Don yaran zan dawo ranar Litinin. Don ke kuma, tun jiya na zuba mai a babur."

Kwana goma sha biyu suka yi suna atisaye safe da yamma. Ranar shida ga Maris yaran ƙauyuka tara suka shigo fili da kaya goma sha tara, don hedimastoci uku sun ƙi sakin nasu har yau. Ba su zo na ɗaya ba, wani kakaki ma ya kuɓuce a gaban rumfar manyan baƙi. Amma ba wanda ya yi musu ihu, kuma kawunansu a sama suke. Mista Kpodo ya hau lasifika ya ce wannan duk albarkar tsarin rabonsa ce. Sedinam ta yunƙura, Senyo ya riƙe mata gefen zani.

Bayan Ista dangin Senyo suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, da kwalaben abin sha na al'ada, aka karɓa. Ranar ɗaurin aure yaran ne suka rako amarya tun daga gida har coci, tuba a gaba, tsofaffi na rawa da farin hankici.

Da aka zo sa albarka, Papa Agbeko ya kama hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Ɗana, na raina sana'arka alhali a inuwarta nake binne mutanena. Ka yafe min. Ranar da tawa ta zo, ban yarda ka taɓa kakaki ba. A layin 'ya'yana za ka zauna, waɗannan yaran su busa min."

Senyo ya sunkuyar da kai, Sedinam ta share ido da mayafin amarci. Tsohon ya haɗa hannayensu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, ya sanyaya wa amarya harshe ko da kaɗan ne. Coci ta amsa da amin, amin ɗin ango ya fi na kowa ƙarfi.