Busassun Idanun Yasir

Safa ɗaya ce ta tayar da kukan ranar. Mardiyya ta juye kwandon wanki a tsakar gida, sai ga ta ta faɗo daga cikin zanin goyo, 'yar mitsitsiya, fara mai bakin ruwan hoda. Ta ɗauke ta ta zura yatsu biyu a ciki, shi ke nan ta zauna daɓas a gefen rijiya, hawaye suka ɓalle. Kwana hamsin da biyu ke nan da rasuwar jaririyarta, Amatullah.

Mahaifiyarta, Hajiya Uwani, ta fito daga kicin da muciya a hannu. Da niyyar faɗa ta fito, amma tana ganin safar sai ta jingine muciyar a jikin turmi, suka haɗu suna yi. Tuwon ranar da ƙauri aka ci shi.

Haka gidan marigayi Malam Ladan yake a Jega, gida ne na masu arhar hawaye. Shi kansa Malam, ranar da aka kai Mardiyya makarantar kwana sai da direban mota ya ba shi haƙuri. In za ka yi tafiya a yi maka kuka, in ka dawo a yi maka kuka, in kuwa ba a yi ba to fushi ake da kai. Da hawaye suke auna ƙauna, kuma ba su taɓa zaton akwai masu wani mudu daban ba.

Sai Allah ya haɗa 'yar wannan gida da Yasir. Manomin albasa ne a Aliero, asalinsa Bafulatanin Karaye ne ta ƙasar Maiyama. Tana karatu a jami'ar Aliero suka haɗu, ta je lambunsa sayen lawashi, ya cika mata leda ya ƙi kallon fuskarta. Shirunsa ne ya fara burge ta. Ba ya faɗin so da baki, amma in ta yi tari da safe, da yamma za ta ga zuma a kan tebur. Shekararsu biyu da aure ba wanda ya taɓa jin kansu.

Da cikinta ya shiga wata bakwai ta dawo Jega goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, aka yi suna. Tun ranar sunan Hajiya Uwani ta fara ƙunƙuni, don an miƙa wa Yasir jaririyar a gaban mutane ya noƙe, ya ce a ba wani. Mardiyya ta kare shi, ta ce kunya ce.

Kwana ashirin da uku a duniya ciwon shawara ya kama yarinyar. Aka kai ta asibiti da safe, kafin la'asar ta cika.

Yasir ya iso a kan babur ɗinsa, aka yi sallah da shi, aka kai ta. Da ya shigo cikin gida, tsakar gidan kamar za ta tsage don kuka, har maƙwabta na taya su. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, idonsa ƙayau. Mardiyya ta ɗago tana jiran ya durƙusa a gabanta, ko muryarsa ta yi rawa, ko dai wani abu. Bai ma kalle ta sosai ba.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Ki samu ki ci abinci."

Ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida wannan yini. Washegari da sassafe ya koma Aliero, wai lokacin dashe ne, irin albasa ba ya jira. Tun daga ranar bai sake taka gidan ba. Yakan kira waya, ya tambayi jiki, ya yi shiru, ita ma ta yi shiru, har layin ya katse.

Wannan abu ya ci Mardiyya fiye da yadda take iya faɗa. Mutuwa daga Allah ce, ta yarda. Amma a ce ita kaɗai ta yi rashin? Tana son mijinta, kuma son ne ya sa abin ya fi ciwo.

Ranar safar nan, bayan sun share fuska, Hajiya Uwani ta fito da abin da ta daɗe tana tauna.

"Mutumen da ɗiyatai ta mutu bai zubda ko ɗigo ɗaya ba, ke in kinka mutu mi za shi yi? Ban ruwa za shi tahi. Ba ki komawa gidan nan, ni dai na hwaɗa miki."

Mardiyya ta ce, "Mama, wataƙila halinai na."

"Wane irin hali? Dutse ma in anka zuba mai ruwa shina jiƙa."

Mardiyya ta yi kwana uku tana juya maganar. A na huɗu ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Tun da kullum kana bizi da albasarka kuma ba ka damu ba, don Allah ka aiko man da takardata." Tana turawa ta kifa kai a filo. A ranta fata take ya taso a guje, ya yi faɗa ma in ya ga dama. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo, kalma huɗu: "Ki yi haƙuri, Mardiyya." Hajiya Uwani ta sa aka karanta mata, ta tafa hannu, ta aika wa dangin mijin cewa ta ba su zuwa ƙarshen wata su sawwaƙe wa 'yarta.

Saura kwana biyar wata ya ƙare aka yi sallama da hantsi. Inna Kulsum ce, mahaifiyar Yasir, doguwar tsohuwa siririya, da ƙwaryar man shanu a kanta. Daga Karaye take. Ita kaɗai ta zo, ba 'yar rakiya, abin da ba a saba gani ba. Hajiya Uwani ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa sama-sama. Mardiyya ta durƙusa ta gaishe ta za ta koma ɗaki, tsohuwar ta ce ta zauna.

"Hajiya, ban zo biko ba," in ji ta, da Hausarta mai karin Fillanci. "Na zo in hwaɗa muku abin da nig gani. In kun ji, ku yi abin da kunka ga dama."

Ta ce shekaranjiya ta je Aliero, ta sa aka kai ta lambun, wurin da ba ta taɓa takawa ba. Tun daga nesa ta ji injin ban ruwa yana ta ruri. Da ta matsa sai ta tarar ruwa ya cika fangali ya tumbatsa, ya shafe gaɓar da ke tare ruwan, har idon sawu. Albasar da aka dasa ta yi rawaya ta kwanta, in ka ja ganye sai ya tsinke a hannunka don ruɓa. Ko ƙaramin yaro a Aliero ya san albasa ba ta son ruwa ya zauna mata a gindi. Mai lambun kuwa yana zaune ƙarƙashin mangwaro da waya a hannu, yana kallon hoton jaririya. Har ta tsaya a kansa bai san ta zo ba.

Maƙwabcin lambunsa ya gaya mata karo na huɗu ke nan yana tayar da inji ya manta da shi. Mutumin da a da ake zuwa tambayarsa lokacin ban ruwa, wanda yake taɓa ƙasa da yatsa ya ce ya isa. Ya kuma gaya mata duk Juma'a, ana saukowa daga masallaci, sai mai lambun ya hau babur ya zo Jega, ya tsaya a maƙabarta, ya juya.

Hajiya Uwani ta gyara zama. "Jega? To mi ya hana shi shigowa?"

"Na tambaye shi. Ya ce in yag ga huskarta ba shi iya riƙe kainai. Ya ce yaya za shi yi kuka gaban surukai, kuma a kan ɗiyar hwari?"

Inna Kulsum ta kalli ƙasa, ta ce laifin nata ne, ita ta koya masa. A wajensu ɗan fari ba a nuna shi. Ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a yi masa kuka. Shi kansa ɗanta na fari ne, shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai lambu". Yana ɗan shekara huɗu ƙyanda ta kama shi har aka fid da rai. Kakarsa ce ta rungume shi, ita kuwa uwar ta ɗauki ƙwarya ta tafi tatsa kamar ba abin da ya faru. A bayan garke ta cusa kallabinta a baki don kada a ji ta.

"Mu haka munka taras," ta ce. "Abin da yaf fi muna ciwo, shi muka ɓoyewa."

Sai ta ɗago ta dubi Mardiyya.

"Ɗiyata, ki taimake ni. Yasir za shi lalace."

Sunan ya fito a karye, kamar ba bakinta ya faɗa ba. Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ko a lokacin hawaye bai sauko mata ba. Hajiya Uwani, wadda ta girma da maƙwabta Fulani ta kuma san nauyin abin da ta ji, ta fashe da kuka, ta yi nata ta yi na baƙuwarta. Tana yi tana cewa a yafe mata, ta zalunci yaron nan.

Abin mamaki, Mardiyya ba ta yi kuka ba. Saƙon da ta tura masa ne ya tsaya mata a ƙirji. Ta tuna ta ce masa bai damu ba, alhali duk mako yana wucewa ta bakin layinsu daga kabarin 'yarsa. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda. Ta miƙe ta shiga ɗaki ta sa hijabi, ko jaka ba ta ɗauka ba. Mahaifiyarta ba ta ce mata ina za ki ba.

Bayan la'asar suka sauka Aliero ita da surukarta. Inna Kulsum ta tsaya a bakin hanya, ta nuna mata da hannu, ta ce ita nan za ta jira.

Lambun yana warin ruɓa. Mardiyya ta bi gaɓar fangali, takalminta na nitsewa a taɓo. Ta hango shi a duƙe yana tumɓuke matacciyar albasa yana tarawa gefe. Ya rame, rigar da ta ɗinka masa da Sallah tana yawo a jikinsa. Ya ji motsi ya ɗago, ya tsaya da ganye a hannu.

"Takardar kinka zo amsa?" ya ce a hankali.

"Gida niz zo."

Ya kawar da kai. "Ki yi haƙ…"

"Bari ba ni haƙuri," ta ce. "Duba, babu kowa nan. Ni ɗai ta."

Ya duba hagu ya duba dama, kamar yaron da ke tsoron a kama shi. Sai ya durƙushe a cikin taɓon. Wani irin sauti ya fito daga ƙirjinsa, sautin wanda bai iya kuka ba don bai taɓa koya ba.

"Sau biyu ɗai nid ɗauke ta, Mardiyya. Sau biyu, kuma a ɓoye. Na ce in ta girma kaɗan… na ce akwai lokaci…"

Ta durƙusa a gabansa, hijabinta a cikin ruwa, ta riƙe kansa da hannu biyu. Ya yi kuka har ya gaji, ita kuwa idonta a bushe, tana shafa bayansa tana kiran sunan Allah. Ranar nan, 'yar gidan Malam Ladan ce ta ba wani haƙuri.

Albasar shekarar fiye da rabi ta tafi, amma auren ya tsira. Mardiyya ta koyi duba hannun mijinta da cin abincinsa in tana son sanin abin da ke ransa, shi kuma ya koyi rufe ƙofa ya faɗa mata. Bayan shekara biyu Allah ya ba su ɗa namiji, suka sa masa Faruk, ya rayu. Hajiya Uwani ta yi kuka ranar sunan, kamar yadda kowa ya zata.

Mutane iri-iri Allah ya yi, kuma kowa da yadda gidansu ya koya masa ɗaukar ciwo. Wani nasa ta ido yake fita, kowa ya gani ya tausaya. Wani nasa ciki yake komawa, ya cinye shi a tsaye yana gaisawa da jama'a. Saura kwana biyar a raba mata da miji masu son juna, ba don wani ya yi laifi ba, sai don an auna ɗaya da mudun ɗaya. Kafin ka ce mutum ba shi da zuciya don ka ga idonsa a bushe, ka yi haƙuri ka je ka duba abin da ya lalace a hannunsa.