Ranar da Baba Ya Zama Waliyyi

A birnin Guangzhou akwai wata yarinya mai son karatu ƙwarai. Iyayenta Hausawan Malumfashi ne, mabiya ɗariƙar Katolika. Babanta, Malam Ɗantani, yana sayen takalma a kasuwannin unguwar Liwan yana aikawa gida. Kowace Lahadi sukan je sujada a cocin da 'yan Afirka ke taruwa.

Da bikin Iyali Mai Tsarki ya gabato, Malama Lami mai koyar da yara ta ce, "Kowa ya rubuta labarin wani daga gidansu. Wanda nasa ya fi kyau zai karanta a gaban jama'a, Fada, limamin cocinmu, kuma zai ba shi kyauta."

Yarinyar ta daɗe tana karanta wani littafi na tarihin waliyyai, har salonsa ya shiga ranta. A cikinsa kowane waliyyi yakan guji abinci mai daɗi, ya kwana a kan dutse. Ta dubi babanta yana suɗe kwanon miya, ta girgiza kai.

"Wannan ba zai ci kyauta ba," in ji ta a ranta. Sai ta rubuta shi da salon littafin, ba ta nuna wa kowa a gida ba. Nata kuwa aka zaɓa.

Ranar biki, bayan sujada, aka zauna a ɗakin taro. Yarinyar ta miƙe, ta gyara murya.

"Ya ku masu sauraro, ku ji labarin bawan Allah Ɗantani. Tun yana jariri ba ya shan nono ranar Juma'a. Ba ya kwanciya sai a kan kwalayen takalma. Nama bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Abincinsa busasshen burodi ne da ruwa."

Mama Saratu, mahaifiyar yarinyar, ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Maigida, ashe da waliyyi nake zaune ban sani ba?"

"Ki bari, Saratu," in ji Baba, yana share gumi.

Aka tafa. Fada ya miƙa wa yarinyar sabon carbin Rosari, yana wani irin murmushi.

Sai aka shigo da abinci. Mai rabawa wata tsohuwa ce 'yar China, Ayi Chen, wadda ta yi suna wajen gashin agwagwa. An fassara mata labarin, ta kuma gaskata shi duka. Ta bi kowa da tsoka mai maiƙo. Da ta iso gaban Baba sai ta rusuna, ta ajiye masa farin burodin turara guda ɗaya da kofin ruwan zafi.

"Laoban, kai mutumin Allah ne," in ji ta. Laoban shi ne maigida a harshensu. "Ba zan ɓata maka azumi ba."

Baba ya bi farantin da ido har ya yi nisa. Tun safe bai ci kome ba, yana tanadin ciki. Ya dubi 'yarsa, ya ga idanunta sun yi zuru-zuru. Idan ya nemi nama, kowa zai san ta yi ƙarya. Sai ya ɗauki burodin ya gatsa.

"Shiye-shiye, Ayi. Na gode," ya ce, da ƙyar.

Yarinyar ta dubi carbin da ke hannunta. Ta ji ya yi mata nauyi. In ta yi shiru, kyautar tata ce. In ta yi magana, za ta sha kunya. Ta miƙe tsaye.

"Fada, ga carbinka. Abin da na karanta ba babana ba ne. Kwaikwayon littafi na yi."



"To, 'yata, faɗa mana na gaskiyar," in ji Fada.

"Babana yana son nama fiye da kowa. Yana gyangyaɗi a addu'ar Rosari, sai Mama ta taɓa shi da ludayi. Shi ke goge mini kayan makaranta kowace safiya, har ya ƙona mini wuyan riga sau biyu. Kuma yanzu yana cin burodi lami don kada in ji kunya."

Jama'a suka fashe da dariya, suka tafa fiye da farko. Ayi Chen da aka fassara mata ta dafe ƙirji, ta ruga ta dawo da cinya biyu.

"Alhamdu, na sauka daga waliyyantaka," in ji Baba, yana nannaɗe hannun riga.

Fada ya mayar wa yarinyar carbin. "Labarin farkon aro ne, shi ya sa bai zauna a jikin babanki ba. Wannan na biyun naki ne, shi na ba kyauta."

A hanyar gida ta kama hannun babanta. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, uwata. Amma in za ki sake rubuta ni, ki sa mini nama a ciki."

Yara, karanta littattafai abu ne mai kyau, koyo daga gare su ma haka. Amma idan kun zo rubutu, ku faɗi gaskiyar abin da idonku ya gani, da bakinku na kanku. Gaskiyar gidanku ta fi ƙaryar da aka yi wa ado.