Saura Na Dama

Ana gab da magariba Oga ya tura ni ɗakin sabobi, manyan kwamfutocin ofis, in buɗe wa sabuwar saba hanya zuwa rumbun ajiyar bayanai. Aikin ba wuya. Suwic biyu ne tagwaye, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna, na hagu da na dama, a kowanne kana tsara rukuni, wa zai ga wa. 'Yan rukuni ɗaya suna ganin juna, na waje kuwa ko inuwa ba ya gani. In ka gama sai ka adana, in ba haka ba da wuta ta ɗauke aikinka ya bi iska.

Raina a ɓace na shiga. Kwanakin nan wata baƙuwar lamba ke kutsowa cikin tsarin da ba a riga an adana ba, kullum ina gogewa. Abokin aikina Dogo nake zargi, mutum ne mai shisshigin tsiya, ko aljihunka ya gani a buɗe sai ya leƙa. Ya rantse har ya gaji, ban yarda ba. Oga ya ce in ta sake fitowa, Dogo ya tattara nasa ya nasa.

Ɗakin sanyi ƙalau, fankokin na'urori na ta gurnani. Sai wani wari kamar an babbaka gashi.

Na jona kwamfutata da suwic na hagu. Ga lambar nan, amma yau an yi mata rukuni na mutum biyu: ita da sunana. Ba a sa sunan mutum a rukuni, na'ura ba ta ma karɓa. Na duba ramin da lambar ta fito. Fitilarsa koriya shar, alamar an jona wani abu, kuma murfin robarsa na nan, ba a taɓa soka masa waya ba.

"Dogo," na ce a hankali, "in kai ne, bar wasan nan."

Sai na tuna tun safe yana asibiti, matarsa na naƙuda.

Na goge rukunin, na ba da umarnin adanawa. Na'ura ta tambaya ko na tabbata. Yatsana ya saba, bai jira ni ba. Ina dannawa na ga rukunin ya dawo, da shi na adana.

Fankokin suka yi tsit.

Idona na hagu ya ga wani abu. Yana tsugune tsakanin akwatunan ƙarfe, duk da haka kansa na gogar silin. Idona na dama bango kawai yake gani.

Ya miƙa yatsa wajen ɗaya suwic ɗin.

"Saura na dama," ya raɗa.

Kujerata ta fara gangarawa can da kanta.

Na runtse idon hagu, na yi ta'awwuzi, na fizge wayar. Da rarrafe na kai ƙofa.

Washegari na nemi gafarar Dogo a gaban Oga. Dogo ya goge rukunin, ya adana, amma idona bai koma yadda yake ba. Na daina taɓa suwic na dama, Dogo ke yi, yana min dariya wai na zama matsoraci.

Jiya na leƙa yana aiki a suwic na dama. Abin na tsaye a bayansa, ya sunkuyo yana karanta sunan Dogo a allo.